Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Frankie Lymon da Ƴan Teenagers

Akwai labaran da yawan maimaita su ke binne gaskiyarsu. Labarin ƙungiyar mawaƙan Amurka da ake kira The Teenagers yana cikin irin waɗannan. Duk inda aka tashi ba da shi, a mujalla ne ko a rediyo ko a majigi, hanya ɗaya ake bi: wai an yi wani yaro mai suna Frankie Lymon, mai zaƙin murya, ya yi suna yana ɗan shekara 13, duniya ta ruɗe shi, ya faɗa shan ƙwaya, ya mutu yana da shekara 25, ya bar mata uku suna shari'a a kan gadonsa. Daga nan sai a girgiza kai, a ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, a rufe zance. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin waɗannan maganganu. Sai dai mai ba da labari yana iya zaluntar mutum ba tare da ya yi masa ƙarya ba. Ya isa ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai haɗiye. Abin da aka haɗiye a nan shi ne cewa yaran su biyar ne, kuma waƙar da ta ɗaukaka su, manya ne suka rubuta sunayensu a kanta, suka ci amfaninta shekara da shekaru, har doka ta zo daga baya ta sa musu hannu.

Kafin a shiga gardama, ya kyautu mai karatu ya san irin waƙar da ake magana a kai. Bayan yaƙin duniya na biyu, unguwannin baƙar fata na manyan biranen Amurka, irin su Niyok da Filadelfiya da Shikago da Baltimo, sun cika da iyalan da suka yi ƙaura daga jihohin kudu, suna gudun wariyar launin fata da talaucin gonakin auduga. Ƴaƴan waɗannan iyalai ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa. Jarinsu maƙogwaro ne, da kunnen da ya saba da waƙar majami'a da fayafayan ƙungiyoyi irin su Mills Brothers da Ink Spots. Samari huɗu ko biyar kan taru a kusurwar titi, ko ƙarƙashin matakalar bene, ko a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato duk inda murya ke amsa kuwwa. Ɗaya ya ja waƙa, sauran su amsa, kowa da matakin muryarsa, tun daga mai siririya har mai kauri wanda ke tsayawa a matsayin ganga. Galibin amshin gaɓoɓin sauti ne marasa ma'ana, masu kwaikwayon kayan kiɗan da babu su. Daga irin waɗannan gaɓoɓi aka samo sunan du-wop, sunan da bai yaɗu ba sai a shekarun 1960, lokacin da kasuwar salon ta riga ta fara ja da baya. Ƙungiyar Ravens ta Harlem da ta Orioles ta Baltimo su ne suka share hanya a ƙarshen shekarun 1940.

Wanda ya tashi yana jin waƙar Hausa ba sai an yi masa dogon bayani a kan matsayin ƴan amshi ba. Mai jan waƙa shi ake kallo, shi ake yi wa kari, amma ƴan amshi ne ke riƙe da ita. Ran da suka yi shiru, sai a ji jagora kamar mai ƙwala kira a dawa. A du-wop al'amarin ya fi haka tsanani, domin ƴan amshin su ne makaɗan ma. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi tababar duk tarihin da ya mayar da ƙungiyar du-wop labarin mutum guda.

A unguwar Washington Heights, can arewacin tsibirin Manhattan a birnin Niyok, aka kafa ƙungiyar wajen shekara ta 1954. Jimmy Merchant da Sherman Garnes baƙaƙen fata ne, Herman Santiago da Joe Negroni kuwa ƴan asalin Porto Riko. Sun sha sauya suna, daga Coupe De Villes zuwa Ermines zuwa Premiers, suna gwaji a makarantar unguwa mai suna Edward W. Stitt. Santiago ne ke jan waƙa. Frankie Lymon, wanda aka haifa a 1942, shi ne autansu, kuma shi ne na ƙarshen shiga. Labarin da su da kansu suka bayar shi ne cewa wani maƙwabci ya ba su wasiƙun soyayya da budurwarsa ta rubuta masa, Merchant da Santiago suka tsinci kalmomi a ciki suka ƙulla waƙa, Lymon ya ƙara nasa daga baya. Richard Barrett, jagoran wata ƙungiya da ake kira Valentines, shi ya ji su ya kai su wurin George Goldner, mai kamfanonin faifai na Tico da Rama da Gee. A ƙarshen 1955 aka naɗi waƙar, Lymon na ja, Garnes na buɗe ta da muryarsa mai kauri, Jimmy Wright na busa saksofon. A ranar, babu ko ɗaya cikin yaran biyar da ya cika shekara 17.

Waƙar ita ce Why Do Fools Fall in Love, wadda ke tambayar abin da ke jefa wawaye cikin tarkon so. Ta fito a watan Janairu na 1956. Ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin baƙar fata na mujallar Billboard, ta kai matsayi na shida a jerin kowa da kowa, sannan ta zama ta ɗaya a Ingila a daminar wannan shekara. Mawaƙa farar fata, irin su Gale Storm da ƙungiyar Diamonds, sun yi maza sun sake rera ta, kamar yadda aka saba yi wa waƙoƙin baƙaƙe a lokacin. Shekara biyu kafin haka, da ƙungiyar Crew-Cuts ta sake rera Sh-Boom ta ƙungiyar Chords, kwafin ne ya danne asalin a kasuwa. Wannan karo kuwa asalin ya fi kwafinsa. Wasu waƙoƙin suka biyo baya, aka sa yaran a fim, aka zagaya da su jihohi, a 1957 suka haye teku har suka hau dandamalin Palladium na Landan.

To, a nan ne ya kamata mai ba da labari ya rage sauri, domin a nan aka yi aika-aikar. A kan kowane faifai, ƙarƙashin sunan waƙa, akan rubuta sunayen waɗanda suka tsara ta da ƙananan baƙaƙe. Waɗannan ƙananan baƙaƙe su ne rijiyar kuɗi. Wanda ya rera waƙa yana samun rabonsa daga faifansa kaɗai, kuma ran da aka daina sayen faifan, rabon ya ƙare. Wanda aka rubuta a matsayin mai tsarawa kuwa, duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo, ko wani ya sake rera ta, ko aka sa ta a fim, sai an biya shi, shi da magadansa. A bugun farko na faifan an rubuta Lymon da Santiago da Goldner. Ba a jima ba sunan Santiago ya ɓace, aka bar Lymon da Goldner. Sunan Merchant bai taɓa hawa ba. A tsakiyar shekarun 1960, bayan da dukiyar Goldner, wanda caca ta cinye, ta koma hannun Morris Levy, mai kamfanin Roulette da gidan rawa na Birdland, sai aka shafe Goldner aka rubuta Levy. Ke nan, sunan mai tsara waƙa ya zama kamar rigar aro, wadda ake tuɓewa daga wuyan wannan ɗan kasuwa a rataya wa wancan, alhali waɗanda suka ɗinka ta suna tsaye suna kallo.

Masu kare wannan ciniki suna da hujjoji, kuma ya dace a saurare su kafin a rushe su. Ta farko, sun ce haka zamanin yake. Gaskiya ne haka yake. Alan Freed, shahararren mai gabatar da waƙoƙi a rediyo, an rubuta sunansa a kan Maybellene ta Chuck Berry da Sincerely ta ƙungiyar Moonglows, don a saka masa ladan yawan sa su a shirinsa. Sai a 1986 Chuck Berry ya karɓo cikakken haƙƙin waƙarsa. Amma yawan ɓarayi a kasuwa bai taɓa mayar da sata ciniki ba. Abin da wannan hujja ta tabbatar kawai shi ne cewa abin da ya sami ƴan Teenagers tsari ne da aka gina kasuwar a kansa, kuma hakan ƙara nauyin laifin yake yi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Sun ce in ba don Goldner ba, da waƙar ta mutu a ƙarƙashin matakala. Shi ya zuba kuɗinsa, shi ya ɗauko makaɗa, shi ya gane cewa muryar autan ce za ta sayar da faifai. Wannan ma ba a musunsa. Goldner mutum ne mai kunne, kuma ta hannunsa ƙungiyoyin Crows da Chantels da Little Anthony and the Imperials suka fito. Sai dai mai jari yana da hanyar cin ribarsa wadda kowa ya yarda da ita: shi ke sayar da faifan, kuma shi ke riƙe da kamfanin da ke buga waƙar. Dillali yana da la'adarsa, ba wanda ya hana shi. Ran da dillali ya ce shi ya haifi saniyar, don ya ci kuɗin nononta da na ƴan maruƙanta har abada, ya tashi daga dillanci. Kuma ko da an yi wa Goldner wannan uzuri, me za a ce game da Levy, wanda sunansa ya hau waƙar kusan shekara goma bayan an gama rera ta?

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi yawo a bakin mutane: ko ɓera da sata, daddawa ma da wari, wai Lymon shi ya kashe kansa da kansa. A duba yadda abin ya gudana. Tun ana ganiyar kasuwa aka fara ɗaga sunansa sama da na ƴan uwansa, har ƙungiyar ta koma Frankie Lymon and the Teenagers. A 1957 aka raba shi da su gaba ɗaya, don an lissafa cewa kai biyu ya fi kai ɗaya kawo kuɗi. Lissafin bai fita ba. Bayan Goody Goody, wadda ya rera ba tare da su ba, bai sake yin waƙar da ta yi babbar kasuwa ba. Su ma da suka gwada wasu jagorori ba su sake tashi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan muryarsa ta yaro ta buɗe, kamar yadda ta kowane yaro ke buɗewa, abin da duk wanda ya zuba jari a kanta ya san yana tafe. Shi da bakinsa ya shaida wa mujallar Ebony a 1967 cewa yana ɗan shekara 15 aka koya masa shan heroyin. Yaro ɗan shekara 15, an raba shi da makaranta da abokan ƙuruciyarsa, ana kwana da shi a otal-otal cikin manya: wa ke da alhakin tsaronsa? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Waɗanda suka ci ladan wannan yaro ba su yi masa askin ba, kuma tarihin da ke ɗora masa dukan laifi ya bar jaki yana dukan taiki.

Bai kamata kuma a manta da ƙasar da abin ya faru a cikinta ba. A watan Yuli na 1957, a shirin talabijin na Alan Freed mai suna The Big Beat, a tashar ABC, an nuno Lymon yana rawa da wata yarinya farar fata. Tashoshin jihohin kudu suka yi ca, aka soke shirin. A wannan shekara ce sai da sojoji suka raka ɗalibai baƙaƙe tara kafin su shiga makarantar sakandare ta Little Rock. Manyan ƙasar suna kallon sabuwar waƙar matasa a matsayin mai lalata tarbiyya, shi ya sa a fim ɗin Rock, Rock, Rock! na 1956 aka jera yaran biyar cikin tsabtatattun tufafi suna rera I'm Not a Juvenile Delinquent, wato suna rantsuwa cewa su ba ƴan iskan gari ba ne. Abin dariya, abin kuka. Yaran ne aka tilasta wa wanke kansu a bainar jama'a, alhali masu hannu a aljihunsu suna zaune a ofis da alƙalami, ba wanda ya nemi su rantse.

Lymon ya rasu ran 27 ga Fabrairu 1968 a gidan kakarsa a Harlem, heroyin ce ajalinsa. Garnes ya bi shi a 1977, Negroni a 1978. Waƙar kuwa ba ta daina haihuwa ba. Ƙungiyar Beach Boys ta rera ta a 1964, an sa ta a fim ɗin American Graffiti a 1973, a 1981 kuma Diana Ross ta mayar da ita cikin goma na farko a jerin Billboard. Sabon kuɗin da wannan ya kawo shi ya tayar da shari'a biyu. Ta farko ita ce ta matan nan uku, Elizabeth Waters da Zola Taylor ta ƙungiyar Platters da Emira Eagle, malamar makaranta daga jihar Jojiya, wadda a ƙarshe kotu ta tabbatar ita ce matarsa ta halal. Wannan shari'a ce jaridu suka yi wa rububi, domin tana da kishi da tonon asiri.

Shari'a ta biyu ita ce mai muhimmanci, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. A 1987 Merchant da Santiago, waɗanda su kaɗai suka rage, suka kai ƙara kotun tarayya a Niyok. Sun shaida cewa da suka nemi haƙƙinsu a baya, Levy ya yi musu barazana. Wanda ke ganin wannan tsoro na banza ne, sai ya tuna cewa a 1988 wata kotun tarayya ta sami Levy da laifin haɗa baki don ƙwatar kuɗi da barazana daga wani ɗan kasuwar faifai, ta yanke masa ɗaurin shekara 10. Ya mutu a 1990 kafin ya shiga kurkuku. A 1992, shekara 36 bayan fitowar faifan, kotu ta tabbatar cewa Merchant da Santiago suna cikin waɗanda suka tsara waƙar. A 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Ba ta ce ƙarya suka yi ba. Cewa ta yi sun makara: doka ta ba mai irin wannan ƙara shekara uku kacal, kuma tasu ukun ta fara ƙirguwa tun farkon shekarun 1960, lokacin da suka balaga a idon doka.

Masana shari'a za su ce wa'adin ƙara yana da hikima, domin shaidu na mutuwa, takardu na ɓacewa, kuma ba a so rigima ta dawwama. Hikimar tana nan, in masu rigimar tsara ne. Amma a nan, a gefe guda akwai samari ƴan unguwa, waɗanda ƙungiyarsu ta watse, ba lauya, ba jari, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya bayyana musu abin da ƙananan baƙaƙen nan ke nufi. A ɗaya gefen akwai mutumin da manyan mawaƙa ma ke shakkar tambayarsa lissafi. A ce wa waɗannan samari shekara uku ta ishe su, daidai yake da a gaya wa kowane mai ƙwace cewa aikinsa ɗaya ne: ya riƙe abin da ya ƙwace da ƙarfi har agogo ya buga. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan ramin dai zurfinsa ya ishe shi, tun da har yau rabon Merchant da Santiago bai dawo ta hanyar wannan shari'a ba.

Akwai masu cewa ai tarihi ya rama musu, tun da a 1993 an shigar da ƙungiyar zauren girmama gwanayen rok an rol na Amurka. Ga uku daga cikinsu, wannan ihu ne bayan hari. Ga biyun da suka rage kuwa, shekara uku bayan an tafa musu a zaure aka ƙwace hukuncinsu a kotu. Da Holiwud ta tashi ba da labarin a 1998, a fim ɗin da Gregory Nava ya shirya, wanda aka ba sunan waƙar, sai ta gina shi a kan matan uku. An nuna Levy da halinsa, ba a ɓoye ba, amma ƴan amshin huɗu sun koma inuwa a bayan jagora. Wato abin da kamfanin faifai ya yi musu a 1957, shi majigi ya sake yi musu bayan shekara arba'in.

Gadon da suka bari ba ƙarami ba ne, kuma na su biyar ne. Kafin su, manya ne ke rera wa matasa waƙa. Su ne suka nuna cewa yara na iya rera wa tsaransu, kasuwa ta amsa. Ƙungiyoyin ƙananan yara suka ɓarke a Niyok da kewaye, har da ta ƙanen Frankie, Lewis Lymon, mai suna Teenchords. Ronnie Spector ta ƙungiyar Ronettes ta sha faɗa cewa muryar Lymon ta kwaikwaya tun tana yarinya. Cholly Atkins, wanda ya koya musu taku a dandamali, shi ne daga baya ya koya wa mawaƙan kamfanin Motown. Da kamfanin ya fito da ƙungiyar Jackson 5 a 1969, yara biyar da autan jagora ɗan shekara 11, duk wanda ya san ƴan Teenagers ya gane gwadaben da aka bi. Abin da aka kwaikwaya kuwa tsari ne na ƙungiya: siririyar murya a sama, kakkaura a ƙasa, uku a tsakani suna ɗinke su. A cire huɗun nan, babu abin da za a gada.

Saboda haka, wanda zai ba da wannan labari, a aji ne ko a taron raya al'adu, ya ba da shi da cikarsa. Ya ambaci ƙwaya, domin ta faru, amma ya fara da ƙananan baƙaƙen da ke kan faifai, ya faɗi wanda ya rubuta su da wanda ya goge. Duk wanda ke tara yara yana koya musu waƙa ko wasan kwaikwayo, yana hawa da su dandamali, yana naɗar muryarsu, ya san cewa ranar naɗi ita ce ranar rubuta suna. Yaro ba ya tambaya, kuma kunya ko tsoro na iya rufe masa baki har wa'adi ya wuce. Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Waɗannan yara ba su yi ƙiwuya ba. Sunayensu Herman Santiago, Jimmy Merchant, Joe Negroni, Sherman Garnes da Frankie Lymon, kuma haka ya kamata a riƙa jera su.